Amsa kan aikin masu zaman zuhudu da neman adalci

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sistoci, wato mata masu zaman zuhudu a Ikklisiyar Katolika, da ke kare haƙƙin talakawa sun bar addu'a sun shiga siyasa. A ganina ba su kauce daga kiransu ba ko kaɗan.

Tun 1891 Fafaroma Leo na 13 ya fitar da wasiƙar Rerum Novarum, inda ya ce dole ne albashin ma'aikaci ya ishe shi rayuwa cikin mutunci, kuma a 1971 taron bishop-bishop a Roma ya bayyana cewa aiki domin adalci yana cikin ainihin shelar bishara. Saboda haka sadaka kaɗai ba ta wadatar ba. Idan aka ƙwace wa gwauruwa gonar mijinta a wani ƙauyen Bauchi, mudun masara zai kashe mata yunwar kwana biyu, amma wanda ya raka ta gaban mai gari ko kotu har gonar ta dawo hannunta, shi ne ya ciyar da 'ya'yanta na shekaru.

Iyakar da Ikklisiya ta gindaya wa sistocin ita ce kada su zama 'yan jam'iyya, kuma kada su tambayi addinin mabuƙaci kafin su taimake shi.