Amsa ga mai tambaya kan mahaifinsa da zumar da ya gani

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ce mahaifinka yana da shekara 67, shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifiyarku, yanzu ya ce aure yake so, kai kuma ka tsinci 'yan ledojin zumar ƙarfin maza a ɗakinsa har ka kasa haɗa ido da shi. Na girme shi da shekara biyu, a nan Makka na tsufa, wajen Shari'ul Mansur. Bari in gaya maka abin da bakinsa ba zai iya furta maka ba.

Auren bai dame ni ba. Mu ne muka ɗora wa kanmu cewa da zarar furfura ta fito, sai carbi da sahun Harami. Buɗe Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 4: matar da al'ada ta ɗauke mata an yanka mata idda wata uku. In tsufa yana rufe ƙofar aure, iddar ta mece ce? Dattijo in ya ce aure, yana son mai ce masa sannu in tari ya tashe shi cikin dare. Amma shimfiɗa ma tana ciki, kada mu yaudari juna.

Zumar ce ta tayar min da hankali, don ta taɓa kai ni ƙasa. Ciwon suga ya rage min ƙarfi, kunya ta hana ni gaya wa likita, sai wani aboki ya miƙo min leda ɗaya bayan isha'i, wai zuma ce zalla. Ni kuwa ina shan isosorbide saboda ciwon ƙirji. A banɗaki aka ɗauke ni, jinina ya yi ƙasa warwas. Likita ya ce irin wannan zumar da yawa ana zuba mata sildenafil ko tadalafil ba tare da an rubuta a jiki ba. Sildenafil shi ne Viagra da ta fito a 1998, ita da awonta, ta cikin zuma kuwa babu mai sanin yawanta. Shi da maganin ƙirji duk buɗe jijiyoyin jini suke yi, in sun haɗu sai jini ya faɗi lokaci guda. Ya ƙara da cewa raunin namiji kan riga ciwon zuciya bayyana, don jijiyoyin wurin sun fi na zuciya siranta, su ke fara toshewa.

Abin da ya fi ba ni kunya daga baya shi ne Hajiya. Ashe ita ta ɗauka na daina sonta ne. Kuma tun da al'ada ta ɗauke mata wajen shekara 50 take fama da bushewa da zafi, ta yi shiru, ni ma na yi shiru. Likita mace ta rubuta mata man shafawa, abin ya yi sauƙi. Aure fiye da shekara 30, sai da na kwanta a gadon asibiti muka iya maganar.

Kai kada ka tunkare shi da kanka, zai ga ka tona masa asiri. Nemi baffanka ko amininsa. A fara sanin ko yana shan maganin ƙirji, musamman wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe, a auna masa suga da jini. In aure ya tashi, su biyun su yi gwaji. Gwajin kafin aure ya zama dole ga 'yan ƙasar Saudiyya tun 2004, a 2008 aka ƙara ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C, kuma waɗannan ba ruwansu da shekaru.

Ledojin kuwa kada ka kwashe a ɓoye, gobe zai sayo wasu. A ɗauki ɗaya a tafi da ita wurin likita ranar da za a raka shi.