Amsa kan tsutsar mangwaro da ƙorafin maƙwabci mai lambu

Assalamu alaikum. Malam, ka ce mai lambun da ke bayan gidanka a Dadin Kowa yana ƙorafin cewa tsutsar da ke ɓata masa mangwaro daga bishiyoyinka take, kana neman shawara ko ka sare su ko ka yi feshi. Na daɗe ina aikin lambu a wannan yanki, kuma a ganina yana da gaskiya, sai dai lamarin bai kai ga ɗaukar gatari ba.

Mai wannan ɓarna wani ƙuda ne ɗan asalin Asiya, wanda aka fara ganinsa a Afirka a ƙasar Kenya cikin 2003. Macen ce ke huda fatar mangwaro ta zuba ƙwai, kuma idan ka duba da kyau za ka ga ɗan baƙin ɗigo da danƙo a bakinsa, wurin ya yi laushi in ka danna. Tsutsar da ta fito daga ƙwan takan ci ta ƙoshi, mangwaron ya faɗo, ta shige ƙasa, kafin mako biyu ta fito ƙuda, wanda katanga ba ta tare shi. Naka na gida yana nuna tun bazara, shi kuwa nasa mai aure, irin su Kent da Keitt, sai ruwa ya sauka, lokacin da ƙudan da ya hayayyafa a gindin bishiyarka ya riga ya yi yawa. Gwaiba, in kana da ita, ita ke riƙe shi bayan mangwaro ya ƙare.

Saboda haka aikin a ƙasa yake. A riƙa tsince duk wanda ya faɗo aƙalla sau biyu a mako, a ɗaure shi tam a baƙar leda a ajiye a rana na wasu kwanaki, ko a binne a ramin da ya kai rabin mita. Zubawa a juji, kamar yadda yawancinmu muka saba, kiwon ƙudan ne kawai.

Feshi ba ya kaiwa ga tsutsar da ke ciki, a lokacin fure kuma yana kashe ƙudan zuma, ga yara da ke tsinka su ci. Gara ku haɗa kuɗi ku sayi metil yujinol, wani sinadari mai ƙamshi da ke jawo ƙudan, a jiƙa auduga da shi haɗe da ɗan maganin ƙwari, a rataye cikin gorar roba mai huji a inuwar reshe. Mazan ƙudan kaɗai yake ja, shi ya sa ba zai ɗauke maka tsinta ba, kuma ya kamata a rataye shi tun 'ya'yan suna ɗanye.