Ɗana Zai Gama Sakandare, In Bar Shi Ya Fara Aiki?

Tambaya: A Amurka muke zaune. Ɗana shekararsa 16, yana da tawayar ƙwaƙwalwa, karatu na ba shi wuya. Makarantarsu na so ya riƙa zuwa ɗan aiki a wani kanti bayan an tashi. Babansa ya ce wahala ce kawai, a bar shi gida. Akwai binciken da ya nuna amfanin hakan?

Amsa: Hajiya, Allah Ya raya shi, Ya saka miki da alheri. Akwai, kuma ba ƙaramin bincike ba ne.

A shekarar 2000 Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta ba cibiyar SRI International aikin bin sawun yara masu nakasa fiye da 11,000, 'yan shekara 13 zuwa 16. Sunan binciken NLTS2. Kusan shekara goma ana komawa gare su da iyayensu, ana tambayar inda rayuwa ta kai su.

Da masana suka tsefe bayanan masu nakasa mai tsanani, abu biyu suka fi fitowa fili. Yaron da ya taɓa aikin da ake biyan sa tun yana makaranta ya fi samun aiki bayan ya gama. Haka ma wanda iyayensa suka sa rai zai yi aiki. Wannan na biyun ne ke taɓa min zuciya. Tausayi ke sa mu killace yaro, mu yi masa komai, sai ya girma da tunanin ba abin da zai iya. A kantin nan zai koyi tashi da wuri, gaida mutane, shiga bas, riƙe kuɗinsa. Allo ba ya koyar da waɗannan.

Ga wani abin lura. Kusan kashi 60 cikin 100 na dukkan yaran da aka bi sawunsu sun ci gaba da karatu bayan sakandare, amma kashi 28 kacal daga cikinsu suka sanar da sabuwar makarantar lalurarsu. Can kuwa, wanda bai yi magana ba, ba a taimaka masa.

Dokar IDEA, wato dokar ilimin yara masu nakasa ta Amurka, ta tilasta wa makaranta ta rubuta masa tsarin fita, wato shirin rayuwarsa bayan makaranta, zuwa lokacin da ya cika shekara 16. Ku je taron da makaranta ke yi kan wannan tsari ku uku, ke da babansa da shi kansa. Ki tambayi awa nawa zai yi, wa zai tsaya masa a makonnin farko, kuma za a biya shi ko kyauta ne. In an tambaye shi abin da yake so, ki daure ki yi shiru, ya amsa da bakinsa.