Tambaya da Amsa: Tuƙin Motar Ƴan Sanda

Wasiƙun wannan mako sun taru a kan motocin aikin tsaro. Masu amsawa tsofaffin direbobin ƴan sanda ne da suka yi ritaya a Yamai, tare da wani bakanike da ya daɗe yana gyaran irin waɗannan motoci.

Tambaya: Baba, sabon shiga ne ni, ina da permi B, kuma an ce za a damƙa mini Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya. Me zan riƙa dubawa kafin fita? Daga wani matashin ɗan sanda a Tawa.

Amsa: Ɗana, permi B ya ishe ka ga motar da nauyinta da kaya bai wuce kilo 3,500 ba. Babbar motar ɗaukar jami'ai kuwa wani aji take buƙata.

Motar aiki hannu da yawa take bi, saboda haka kada ka sa hannu a littafin mota sai ka zagaya ta, ka rubuta kilomita da yawan mai da duk lotsewar da ka tarar. Sannan ka buɗe bonet tun inji yana da sanyi, motar kuma tana wuri mai daidai. Baƙin mai ya tsaya tsakanin alamu biyu na sandar awo. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ne ke shiga, kada ka tayar. Man birki in ya ragu, ƙari ba magani ba ne: ko dai takalman birki sun cinye, ko akwai yoyo, sai a nemo dalili. Ka taɓa kawunan batir, domin rediyo da jiniya da fitilar kan rufi suna zuƙe shi in motar ta daɗe a tsaye.

Abu biyu ne suka fi kashe injin gazuwal a ƙasarmu, ƙura da ruwa. Lokacin hunturu a riƙa cire filtar iska ana hura ta daga ciki zuwa waje, kuma ba a wanke ta takarda da ruwa. In fitilar da ke nuna ruwa ya taru a cikin mai ta kama, ka sassauta ɗan murfin da ke ƙasan filtar gazuwal, ka danna famfon hannu har sai tsabar mai ta fito, sannan ka ɗaure. Wanda ya ƙyale fitilar nan, famfon mai da nozul zai biya. Injin irin wannan Land Cruiser, wato 1HZ mai silinda 6, yana son juye duk kilomita 5,000 a irin ƙurarmu, kuma a canza belet ɗin taimin wajen kilomita 100,000. In ya tsinke a kan tafiya, fistin ne zai doki bawul.

Tambaya: Malamai, me ya sa motarmu ke kafewa a rairayi alhali an sa giyar taimako? Daga wani direba da ke sintiri wajen Abalak.

Amsa: Ɗan'uwa, fara da tayoyin gaba. A tsakiyar kowace akwai maɓalli mai FREE da LOCK. In ba ka sauka ka murɗa duka biyun zuwa LOCK ba, ko ka sa H4, wato giyar taimako ta gudu, tayoyin baya kaɗai ke aiki. A yi wannan tun ƙasa tana da ƙarfi, kafin a shiga yashi.

Na biyu iska. Tayar da aka cika don kwalta tona rami take yi. Rage ta zuwa wajen bar 1.5 a ma'aunin iska, ko ƙasa kaɗan in yashin ya yi laushi sosai, sai ta shimfiɗu ta hau sama. Amma da irin wannan iska ba gudu, ba kwana mai kaifi, don taya na iya zamewa daga kan wili. Ka riƙe giya guda ba canji, ko ta biyu ko ta uku, kada ka taka kuloci a tsakiyar yashi, domin daƙiƙa ɗaya ta isa motar ta zauna. Da ka ji tayoyi na juyawa motar ba ta gaba, ɗaga ƙafa nan take. Ƙarin totur binne ta zai yi har cikinta ya kwanta. A sauke mutane, a kwashe yashin gaban tayoyi huɗu da shebur, a sa L4, wato giyar taimako ta ƙarfi, a koma da baya a kan sawun da aka zo. Da safe yashi ya fi tauri, da azahar ya fi cin mota.

In an hau kwalta a mayar da iska, a koma H2, wato a cire giyar taimako. Giyar taimako a kan kwalta tana ɗaure farfela, ta cinye taya, ta fasa haƙoran giya.

Tambaya: In na ji jiniya a bayana, me ya kamata in yi? Kuma an halatta musu ƙetare jar wuta? Daga wata mai mota a Yantala, Yamai.

Amsa: Hajiya, ki sa sigina, ki raɓa dama a hankali, ki tsaya in akwai wuri. Kada ki taka birki a tsakiyar hanya, kuma kada ki bi bayansu don cin moriyar hanyar da ta buɗe. In a kan gadar Kennedy ne, inda ba wurin raɓawa, ki ci gaba da tafiya har ki sauka.

Motar da ke aikin gaggawa, da jiniya da fitila a kunne, ita ke da fifiko. Sai dai muna jan kunnen ƙannenmu masu tuƙi: fifikon bai ɗauke muku alhakin ran kowa ba. A jar wuta ko shataletale a rage gudu kamar za a tsaya, a tabbata kowane layi ya gan ku. Mai gilashi a rufe da iyakwandishan ba ya jin jiniya sai kun matso, ɗan kabu-kabu yakan firgita ya yanko gabanku, mai amalanken jaki kuma ba shi da birki. A gudun kilomita 90, mota tana cin mita 25 a daƙiƙa ɗaya, tun ƙafa ba ta kai ga birki ba. Kunna jiniya don an makara cin abinci kuwa yana koya wa jama'a raina ta.

Tambaya: Me ke kawo kifewar waɗannan motoci da jami'ai a baya? Daga wani mahaifi a Wadata.

Amsa: Alhaji, mota ce mai tsayi daga ƙasa, tsakanin ƙafafunta kuma ba faɗi. In mutum takwas suka zauna a kan benci ko gefen bodi, nauyi ya koma sama, birki kuma ya ƙara nisa. Yawanci taya ce ke sauka gefen kwalta, direba ya fizgo sitiyari, motar ta wuntsila. Daidai shi ne ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari sak, gudu ya ragu, sannan ya hau a hankali. Birki kafin kwana ake taka shi. Da damina kuma, a ƙoramun wajen Keita da Badagishiri, in ruwa yana gudu ya kai gwiwa a jira ya janye. Bayan an ƙetare a ɗan riƙa taɓa birki ana tafiya a hankali har ya bushe, kafin a ƙara gudu.