Amsa: Awkwafina mawaƙiya ce ko 'yar fim?

Malama, kin tambaya ko Awkwafina mawaƙiya ce ko 'yar fim. Duka biyun take yi. Sunanta na yanka Nora Lum, an haife ta a 1988, ta tashi a unguwar Queens da ke New York. Mahaifiyarta 'yar Koriya ta rasu Nora na da shekara 4, kakarta ta wajen uba, 'yar Sin, ta taimaka wajen rainonta. Da gambarar zamani ta fara a YouTube a 2012, sannan barkwanci ya fito da ita a fim ɗin Crazy Rich Asians a 2018.

Ni dai ina ba ki shawara ki nemi fim ɗin The Farewell. A nan ta fito a jikar da dangi suka ɓoye wa kakarta cutar ajali. Shi ya kawo mata kyautar Golden Globe, wata babbar lambar yabo ta fina-finai a Amurka, a 2020, kuma ta cancanta.