Na raba rumbun bayanai uku, yaya zan yi da "ko duka ko babu"?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gina manhajar kanti a intanet. Da masu saye suka yi yawa sai na raba ta gida uku: oda, kaya da biyan kuɗi, kowanne da rumbun bayanansa. A da tiransakshan guda ke ɗaure su, ko duka su yiwu ko a fasa. Yanzu fa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Dabarar da za a fara kawo maka ita ce amincewa mai mataki biyu: wata saba, wato kwamfutar da ke jagorantar aikin, ta tambayi rumbunan ko sun shirya, in kowa ya amsa sai ta ba da umarni. Ba na ba ka shawararta. Duk tsawon jiran, bayanan a kulle suke, in kuwa sabar ta mutu tsakanin tambaya da umarni, sai sauran su yi cirko-cirko, ba gaba ba baya.

Abin da ya dace da kai shi ne dabarar da ake kira saga, wadda Hector Garcia-Molina da Kenneth Salem suka bayyana a 1987. Kowane mataki ya kammala a rumbunsa, amma ka tanadar masa aikin warwarewa. An ware buhun shinkafa, biyan kuɗi ya ƙi, sai a mayar da buhun cikin kayan sayarwa. Ka tuna tsayuwa gaban mai POS: alat ya shigo an cire kuɗinka, takarda ta fito cewa bai tafi ba, daga baya kuɗin su dawo. Ba goge cirewar aka yi ba, sabon rubutu aka yi na mayarwa.

Inda nake so ka nutsu sosai shi ne maimaici. Netwok ya katse, ba ka san ko buƙatarka ta isa ba, dole ka sake turawa, kuma nan ake cire wa mutum kuɗi sau biyu. Ka ba kowace buƙata lambar shaida tata ita kaɗai, kamar yadda Stripe, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, ke yi. Mai karɓa ya adana lambar a tiransakshan ɗaya da cire kuɗin. In ta sake zuwa, ya mayar da tsohuwar amsa kawai. Wallahi wannan ya fi komai muhimmanci, domin haƙƙin mutane ne.

Abin da ba ya warwaruwa kuma, kamar saƙon tes ga mai saye ko ɗora kaya a mota, ka bar shi ya zama matakin ƙarshe.