Kunne ma yana buƙatar bita: amsoshin tambayoyinku kan jarrabawar sauraron Turanci

Wasiƙun wannan wata daga Madina da Makka da Jidda suka fito, kuma kusan dukkansu kuka ɗaya suke yi: ido yana gane Turanci, kunne ya ƙi. Malaman Turanci da ke kula da wannan fili ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe a Jami'ar Musulunci ta Madina. Inda nake neman digiri na biyu suna son maki 6.5 a jarrabawar Turanci ta IELTS. Karatu ba ya ba ni wahala, amma a ɓangaren sauraro ba na wuce 19 ko 20 cikin 40. Na yi gwaji ya kai ashirin, makin bai motsa ba. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsalar tana cikin gwaji ashirin ɗin nan. Ka ɗauki mai hadda da ke zuwa gaban malami kullum, ya karanto izu guda, a ce masa ya yi kuskure goma, ya tashi ya tafi bai tambayi a waɗanne ayoyi ya yi tuntuɓe ba. Gobe goman nan zai maimaita. Gwaji yana faɗa maka yawan abin da ka rasa, amma ba ya gyara kunne.

Mu fara da lissafi. A ma'aunin da masu jarrabawar ke bayarwa, amsa 23 daidai tana kai mutum kusan mataki na 6, amsa 30 kuma mataki na 7. Ke nan 6.5 tana tsakaninsu, kuma abin da ke gabanka ƙarin amsa shida ne ko bakwai. Ba abin da zai gagara ba ne, in ka koma ga tsohuwar hanyar da aka koya mana a firamare, wato shifta.

Ka samo magana ta minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi wadda take da rubutunta. Shirin 6 Minute English na BBC yana zuwa da rubutu, haka ma littattafan gwajin IELTS da Cambridge ke bugawa suna da rubutun kowace magana a bayansu. Ka saurara sau ɗaya daga farko har ƙarshe ba tare da ka taɓa biro ba. Sannan ka dawo jimla-jimla: ka kunna, ka tsayar, ka rubuta duk kalmar da ka ji, har da ƙananan irin su "a" da "of" da "to". Kowace jimla kada ta wuce ji uku. Abin da bai fito ba a karo na uku ka bar masa gurbi ka wuce, don ji na goma ba zai fito da shi ba, sai dai ya gajiyar da kai. In ka gama sai ka buɗe rubutun, ka bi da jan biro.

A nan aikin yake, kuma a nan yawancin ɗalibai ke gaggawa. Kowane kuskure ka tambayi kanka irinsa. Akwai kalmar da ba ka sani ba sam, wannan mai sauƙi ce, ka rubuta ta ka haddace. Akwai kalmar da idonka ya sani amma kunnenka bai taɓa haɗuwa da ita ba, domin a littafi ka koye ta kuma ka ƙirƙira mata lafazi da kanka. "Wednesday" gaɓa biyu ce a baki. "Comfortable" yawanci uku ce. Ba a furta "p" a "receipt", ba a furta "b" a "debt". Wanda ya fi shekara biyar yana karanta su yadda aka rubuta, in Bature ya faɗe su sai ya ji kamar baƙin kalmomi ne. Ga ɗaliban da suka yi karatunsu da Larabci, suka koyi Turanci daga takarda, wannan kaso ne ya fi yawa.

Kaso na uku shi ne kalmomin da ka sani sarai amma aka haɗiye su. Hausa tana ba kowace gaɓa haƙƙinta, shi ya sa muka mai da "bread" burodi, muka ƙara wasula don kada baƙaƙe su cunkushe. Turanci kuwa yana danna wasu gaɓoɓi da ƙarfi, ya matse sauran har su kusa ɓacewa. "Would have" ta koma kamar "wudav", "did you" ta koma "dija", "t" ɗin "next day" ta faɗi. Kai da ka yi tajwidi bai kamata wannan ya ba ka tsoro ba. Ka san nunun sakina tana komawa mimun in ta haɗu da ba'un. To haka Bature ke yi da "ten boys", a bakinsa "tem boys" take fita. Iƙlabi ne da idgami a wani harshe, kuma kunnen da ya iya rarrabe sadun da sinun zai iya wannan in an nuna masa.

Bayan gyara, ka kunna maganar kana bin mai magana da bakinka, rubutun na gabanka, sau biyar, kana kwaikwayon inda ya danna da inda ya haɗiye. Abin da bakinka ya iya furtawa kunnenka ba ya ɓatar da shi. Duka aikin minti 25 zuwa 30 ne. Ka yi shi kwana biyar a mako, bayan Asuba ya fi, kafin kai ya cika da darussa. Cikakken gwaji sau ɗaya a mako ya isa, kuma washegari maganar da ka fi faɗuwa a cikinta ita za ka yi wa shifta. Ka ba kanka wata biyu zuwa uku kafin ka biya kuɗin jarrabawa.

Abu na ƙarshe da ya shafe mu musamman. Bahaushe yana gauraya "p" da "f", Balarabe yana gauraya "p" da "b" kuma yana mai da "v" ta koma "f". Bahaushen da ya zauna a Saudiyya sau da yawa yana ɗauke da duka biyun. Ka ware minti biyar kullum ga jerin kalmomi irin su "pan, fan, ban, van" da "cap, cab" da "safe, save". Ƙamusun Cambridge da Oxford na intanet suna da muryar kowace kalma, ta Ingila da ta Amurka. Ka sa abokin ɗakinka ya riƙa kunna maka ɗaya ba ka gani, kana faɗin wadda ce.

Tambaya: 'Yata ta gama sakandare a nan Jidda. Wasu sun ce ta yi STEP, wasu sun ce IELTS. Wanne ya kamata?

Amsa: Hajiya, Allah ya yi mata albarka. Kafin ki kashe riyal ɗaya, a duba sharuɗɗan jami'ar da take so, don ita ce mai yanke hukunci. STEP jarrabawar cikin gida ce da cibiyar Ƙiyas ke shiryawa. Tambayoyinta na zaɓi ne, sauraro kuma kusan kashi 20 cikin 100 ne, fahimtar karatu da nahawu su suka ɗauki kaso mafi girma. In a cikin Saudiyya za ta yi karatu kuma jami'ar na karɓar STEP, ita ce mafi sauƙin shiri. In kuwa akwai niyyar fita waje, IELTS ko TOEFL ake tambaya. Kada ta yi da wuri ƙwarai, domin yawancin jami'o'i ba sa karɓar sakamakon da ya wuce shekara biyu. In TOEFL ta zaɓa, a guji tsofaffin littattafai, don an taƙaita jarrabawar a 2023, tsarinta kuma yana sauyawa. Shafin ETS, masu jarrabawar, shi ne abin dogaro.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Makka. Kashi na ɗaya da na biyu na sauraron IELTS ina yin ƙoƙari. Da an shiga na uku da na huɗu sai in ɓace, in farga an wuce tambaya huɗu. Wani lokaci kuma ina jin kalmar da ke cikin zaɓin da kunnena, in zaɓe ta, ta zama kuskure.

Amsa: 'Yar'uwa, abin da kika bayyana da gangan aka gina shi. Kashi na ɗaya hirar mutum biyu ce kan harkar yau da kullum, na biyu mutum ɗaya ne ke bayani, misali kan wani wuri ko shiri. Na uku tattaunawar karatu ce da za ta iya kaiwa mutum huɗu, na huɗu kuma lacca ce. Kowanne tambaya goma, kuma sau ɗaya tak ake kunnawa.

A kashi na uku, yawanci duk zaɓin ukun ana ambatarsu a cikin maganar. Ɗalibi zai ce yana son yin bincike da takardar tambayoyi, malama ta ce lokaci ba zai isa ba, abokiyarsa ta kawo shawarar hira da mutane, su amince. Wadda ta yi saurin zaɓar abin da ta fara ji ta faɗa rami. Amsar tana zuwa ne bayan kalmomin juyawa: "but", "actually", "on second thoughts", "I'd rather". Da kin ji ɗayansu ki ɗauka abin da ya gabata an soke shi. Sannan amsar daidai ba kasafai take zuwa da kalmomin da ke kan takarda ba. Takarda ta ce "too expensive", mai magana ya ce "we couldn't afford it". Idan kalmar zaɓi ta fito a maganar tsaf yadda aka rubuta ta, ki ƙara yin hattara da ita.

Ga atisayen da ke maganin wannan. Bayan kin gyara gwaji, ki buɗe rubutun maganar, ki ja layi a ƙarƙashin jimlar da ta ba da kowace amsa, ki rubuta ta kusa da kalmomin tambayar a wani littafi na daban. Cikin wata guda za ki tara irin waɗannan tagwaye da yawa, ki fara hango su kafin a faɗa.

Batun ɓacewa kuwa, amsoshi suna bin jerin tambayoyi ne. A daƙiƙun da ake bayarwa kafin a kunna, ki ja layi a kalma ɗaya ko biyu a kowace tambaya, musamman sunaye da shekaru da kalmomin fanni, waɗanda ba a iya sauya su da wasu. Idonki ya kasance a kan tambaya biyu a lokaci guda, wadda ake ciki da mai bi mata. Da kin ji alamar ta gaba, ta baya ta tafi, ki sake ta. Tsayawa neman ɗaya shi ke jawo asarar huɗu. Kashi na huɗu ba a saba tsayawa a tsakiyarsa ba, don haka ki karanta tambayoyin goma duka tun farko. A ƙarshe ki cike kowane gurbi ko da da hasashe ne, ba a rage maki saboda kuskure.

Tambaya: Ina aiki a wani otal kusa da Harami, kullum ina Turanci da alhazan Pakistan da Malesiya da Indiya, muna fahimtar juna. Ina kuma kallon finafinan Turanci masu fassarar Larabci. Me ya sa muryoyin jarrabawa ke gagara ta?

Amsa: Alhaji, Turancin da kake ji a wurin aiki Turanci ne na gaske, kuma ya ba ka ƙarfin hali. Sai dai masu shi, kamar mu, suna fito da kusan kowace gaɓa. Muryoyin IELTS na Ingila ne da Ostireliya da Niyu Zilan da Amurka da Kanada, masu haɗiya. Mutumin Ostireliya yana iya cewa "day" ka ji kamar "die". Fim mai fassarar Larabci kuma karatun Larabci ne, ido ke aiki kunne na hutawa. Ka mai da rubutun ƙasan ya zama na Turanci, ka kalli minti biyar da shi, ka sake kallon minti biyar ɗin babu shi. In saurin ya yi yawa ka rage shi zuwa 0.75 a YouTube na mako ɗaya ko biyu, amma kada ka zauna a nan, don ragewar tana warware haɗiyar da kake son koya.

Tambaya: Ina jin amsar daidai, amma in na duba sai in ga an ƙi ba ni maki. Me ke faruwa?

Amsa: Wannan ita ce asarar da ta fi ciwo, kuma ta fi saurin gyaruwa. Kuskuren harafi ɗaya yana kashe amsa: "accommodation" da "c" biyu da "m" biyu take. Rubutun Ingila da na Amurka duka ana karɓa. Sai "s" ta jam'i, wadda kunnenmu ke yawan yar da ita a ƙarshen kalma. In ba ka tabbata ba, ka duba jimlar: in akwai "are" ko "many" jam'i ake nema. Sai ƙa'idar adadi. In an ce kada a wuce kalma biyu ka rubuta uku, ka faɗi ko da ma'anar daidai ce. Kalmar da aka haɗa da karan ɗori ɗaya ake ƙirga ta.

Lambobi su ma suna da tarkonsu. Bambancin "thirteen" da "thirty" yana wurin dannawa: na farko a ƙarshe, na biyu a farko. A lambar waya sifiri yakan zama "oh", "double six" kuma shida biyu ne a jere. Haruffan da aka fi ruɗewa da su in ana jero suna su ne A da E da I, sai G da J. Ka sa wani ya riƙa jero maka sunayen tituna da lambobin fasfo na ƙirƙira, minti biyar kullum har mako biyu.

Ka kuma san irin jarrabawar da ka yi rajista. Ta takarda, inda har yanzu ake yin ta, tana ba da minti 10 a ƙarshe don kwafe amsoshi, ta kwamfuta minti 2 ne kawai na dubawa, don kana bugawa ne kana sauraro. In ta kwamfuta za ka yi, kuma hannunka ya fi sabawa da allon Larabci, ka koma yin shiftarka a kwamfuta tun yanzu, da abin sauraro a kunne kamar yadda za a ba ka a zauren.